Kumai Ya Ce Ba Shi Zuwa

Milka ta koyo wasan ne a Jos lokacin tana jami'a, ta dawo da shi Kafanchan a cikin wata tsohuwar robar man shafawa: 'yan lido guda bakwai, wasu masu fuska shida irin wanda kowa ya sani, ɗaya kuma mai fuska ashirin, kore shar kamar alawa. Wasan ba ya son wuta, ba ya son waya. Mutum ɗaya ne zai riƙe labari, shi ne sarki, shi ne ɓarawo, in an iso kogi shi ne kogin. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya riƙa faɗin abin da mutuminsa zai yi. In abin mai wuya ne sai a jefa ɗan lido. Babbar lamba ta fito, ka yi nasara. Ƙarama ta fito, ka sha kunya.

Milka ce mai riƙe labarin. Ranakun mako tana koyar da adabi a wata sakandare, ranar Asabar da ƙarfe uku kuma sai ta shimfiɗa taswirar da ta zana da hannunta a kan teburin barandar kawunta, inda take zaune tun da ta kama aiki. Da farko masu wasan uku ne. Akwai Caroline, nas a wani ƙaramin asibiti, wadda ke riƙe da wata mai maganin gargajiya a labarin. Akwai Tagwai mai gyaran waya kusa da tashar mota, wanda ya zaɓi wani ƙato mai suna Guduma, kuma duk matsalar da ta taso, shawararsa ita ce a buge ta. Na ukun malamin lissafi ne, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Kauru a farkon damina, kujerarsa ta zauna ba kowa.

Mai gidan, Kawu Justin, shekararsa sittin da bakwai. Dattijo ne a ikilisiya, kuma ya yi shekara talatin da biyu yana kula da fayiloli a wani ofishin gwamnati kafin ya yi ritaya. Kowace Asabar yana can ɗaya ƙarshen barandar a kujerarsa mai jingina, rediyo a kan cinya, wai labarai yake ji. Amma da zarar Guduma ya fasa ƙofar wani da kai, sai a ji murya daga can: "A garinku ba a sallama ne?"

A watan Yuli Milka ta rubuta sabon labari. Wani ƙaton maciji ya kwanta a cikin kogon dutse ya toshe idon ruwan da ƙasar duka ke sha, kuma wata tsohuwa ta faɗa wa sarki cewa ba mai iya fuskantarsa sai wani makiyayin awaki mai suna Kumai. Milka ta daɗe tana son irin wannan jarumi, wanda ba ya son jarunta, wanda zai tafi yana waiwayen gida. Abin da ya rage shi ne wanda zai riƙe shi.

Ta ce, "Kawu, zo ka riƙe mana mutum ɗaya. Yau kawai."

"Ni? Wasan yara?"

"Caroline ta haura talatin, Kawu."

"To, wasan manyan da ba su da aikin yi. Labarai nake ji."

Matarsa Dinah, wadda kowa ke kira Maman Derrick, tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Tashi ka je, Baban Derrick. Batirin rediyon nan ya mutu tun Laraba."

Ya ajiye rediyon a hankali, ya jawo kujera, ya sa tabarau. Milka ta miƙa masa takardar Kumai, ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya juya bayanta ko akwai ci gaba.

Milka ta ce, "Kumai mutum ne mai son zaman gidansa. Za a zo a kira shi, amma shi ba ya son zuwa. Daga baya dai..."

"Tsaya. Ba ya son zuwa?"

"E, amma..."

"Na gane. Ba sai kin ƙara ba."

Aka fara. Milka ta canza murya ta zama manzon sarki, wanda ya iso a kan doki ya sami Kumai yana ba awakinsa dusa, ya shaida masa cewa sarki na nemansa da gaggawa.

Kawu Justin ya haɗa yatsunsa a kan tebur ya ce, "Ina takarda?"

Milka ta yi murmushi, don ta shirya wa wannan. "Ya ciro takarda mai hatimin sarki ya miƙa maka."

"Wa aka rubuta wa?"

"Kumai."

"Wane Kumai? Mu uku ne a garin nan. Akwai Kumai na bakin rafi, akwai Kumai mai ɗan kunne ɗaya."

Milka ba ta rubuta wani Kumai ba bayan wannan, amma dokar wasa ita ce duk wanda ke son ya ruɗa wani da magana sai ya jefa. Ta tura masa koren ɗan lidon. Ya ɗauka da yatsa biyu kamar mai ɗaukar ƙwaro, ya saki. Sha takwas. Manzon sarki ya ruɗe, ya hau dokinsa ya koma fada, tafiyar kwana huɗu, don a gyara takarda. Da ya dawo, Kumai ya duba ya ce babu kwanan wata. Aka jefa, ashirin ta fito. Manzon ya ba da haƙuri har da durƙusawa, ya sake komawa.

Tagwai ya buga tebur. "Abeg, Baba, mu tafi mana! To Guduma zai ɗauke shi a kafaɗa kawai."

"Jefa," in ji Milka.

Biyu. Guduma ya taka kashin awaki, ya zame, ya faɗi a kan turmi. Mai maganin Caroline ta ƙare ranar tana gasa masa baya da ruwan zafi da ganye. Ƙarfe shida ta yi, ba wanda ya fita ko da ƙofar garin Kumai.

Asabar ta biyu Milka ta zo da shiri. Ta ce rijiyar garin ta ƙafe. Kumai ya ce yana da randa shida cike da ruwan sama, kuma shi ba mai yawan wanka ba ne. Ta ce wasu manyan shahuna, bayin macijin, sun sauko sun kwashe awakinsa kaf sun yi dutse da su. Milka ta ɗauka ta kama Kawu Justin. Sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Mun gode Ubangiji. Dama sun ishe ni. Kumai zai koma noman citta."

Caroline ta kifa kai a kan tebur tana dariya. Milka ta ciji leɓe, ta jefa makaminta na ƙarshe.

"Wani shaho, babba cikinsu, ya dawo. Ya sure matar Kumai daga bakin murhu ya tashi sama da ita."

Kawu Justin ya cire tabarau ya goge. "Shaho ɗaya ne ya ɗauke ta?"

"Ɗaya."

"To ku yi wa shahon addu'a. Kafin rana ta faɗi zai dawo da ita da kansa."

Daga bakin ƙofa ƙarar ɓare gyaɗa ta tsaya cak. Maman Derrick ta ce, "Na ji ka."

"A cikin labari ne, Maman Derrick."

"Na ce na ji ka."

Milka ta jefa wa shahon, don a ga ko zai iya jurewa. Uku. Shahon ya dawo da matar Kumai, ya sauke ta daidai bakin murhun, ya tashi ko waiwaye bai yi ba.

Bayan Asabar ta uku, wadda ta ƙare Kumai yana koya wa Guduma yadda ake shanya citta, Tagwai ya tare Milka a bakin get. Ya ce shi yana rufe shago ne don ya zo ya yi faɗa da dodanni, ba don ya koyi noma ba, noma kam akwai a garinsu Samaru Kataf in yana so. Caroline ma ta ce ta yi musayar aiki da wata don ta sami Asabar, kuma ko da yake cikinta ya yi ciwo don dariya, mai maganinta ba ta warkar da komai ba tukuna sai bayan Guduma.

Abin ya dami Milka. Ba za ta ce kawunta ya karya doka ba. Ita ta rubuta cewa Kumai ba ya son zuwa, shi kuma ya riƙe wannan da gaskiya fiye da duk wanda ta taɓa wasa da shi a Jos. Sai dai in jarumi ya zauna, kowa ya zauna. Ta yi masa bayani a fili ranar Litinin, cewa ana so mutumin ya ƙi da baki amma ƙafarsa ta tafi. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce, "In akwai dalilin tafiya, zai tafi. Har yanzu ban ga dalili ba."

Ranar Juma'a da yamma tana taya Maman Derrick wanke acca a bayan gida, sai ta kwashe damuwarta ta faɗa mata.

Maman Derrick ta tsiyaye ruwan ƙwarya ta ce, "Ke, roƙonsa kike yi. Shekara arba'in ban taɓa roƙon mutumin nan ya yi abu ya yi ba. Kin ga kwanon ɗakin girki? Damina biyu yana yoyo, ina magana, yana cewa gobe. Ranar da Derrick ya zo hutu sai na ce ya hau, na ba shi guduma, na ce ya buga ƙusa inda ba daidai ba, kuma ya buga da ƙarfi yadda babansa zai ji. Kafin ya buga ta uku kawunki yana kan tsani."

Milka ta tsaya da hannu cikin ruwa.

"Kada ki ce masa ya yi. Ki sa wani ya yi a gabansa, ya yi shi a karkace. Ba zai iya kallo ba."

Washegari da aka zauna, Milka ta gyara murya ta zama manzon sarki. Ta ce sarki ya gaji, ya sami wani jarumin, wani saurayi mai suna Endurance, mai sabon takalmi da hular ƙarfe mai gashin jimina. An sallami Kumai, sarki ya gode, a ci gaba da noma lafiya.

Kawu Justin ya ce, "Madalla." Ya jingina, ya ɗebi gyaɗa.

Milka ta ci gaba kamar ba ya wurin. A ƙofar gidan Kumai ayarin ya tsaya shirya kaya, don nan ne akwai inuwa. Endurance ya ɗora wa jaki kaya duka a gefe ɗaya. Ya zuba gishiri a kwando, ba murfi, ga hadari yana haɗuwa. Ya buɗe taswira ya riƙe ta kai ƙasa, ya nuna kudu ya ce can ne dutsen.

Kawu Justin ya daina tauna. "Ya rubuta jerin kayan?"

"A'a."

"Tafiyar kwana tara, ba jerin kaya?"

"Ba ruwanka, Kawu. An sallami Kumai."

Ƙafar Kawu Justin ta fara kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Tagwai ya gane abin da ake ciki, ya ce Guduma ya tambayi Endurance ko sun ɗauki igiya. Milka ta ce Endurance ya amsa cewa igiya ta matsorata ce. Caroline ta ce mai maganinta ta ba shi jakar magunguna ya riƙe. Milka ta ce Endurance ya ajiye ta ya zauna a kai.

Sannan ta ce, "Endurance ya ji yunwa. Ya sayi ƙosai wajen wata mata, ba ta da abin naɗewa. Sai ya ciro takardar sarki..."

"Wace takarda?"

"Wadda aka gyara sau biyu. Mai hatimi da kwanan wata. Ya ninke ta, aka zuba masa ƙosai mai zafi a ciki, mai yana ratsa hatimin."

Kawu Justin ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi baya. "Takardar hukuma? Ba kwafi? Wane irin yaro ne wannan? Wa ya haife shi?" Ya tsaya yana huci. Da ya ga duk suna kallonsa, ya ɗaga kujerar ya zauna, ya gyara wuyan riga. "Kumai zai raka su bakin kogi. Bakin kogi kawai. Ya nuna musu yadda ake ɗaure kaya, daga nan ya koma gidansa."

A bakin kogi ya ga yadda Endurance ke shirin tsallakewa ta wurin da ruwa ya fi zurfi, ya ce to zai kai su wancan ƙetaren kawai. A ƙetaren ya sallami Endurance da kansa, ya ce ya koma gida ya rubuto bayanin abin da ya faru da takardar sarki cikin kwana bakwai. Da aka sallame shi kuwa ba wanda ya san karatun taswira sai Kumai, don haka ya ce zai kai su bakin daji, amma kowa ya sani an cuce shi.

Daga nan wasan ya zama wani abu dabam. Kumai bai daina ƙorafi ba ko na minti ɗaya, sai dai yanzu yana yi ne yana tafiya. Ya yi ƙorafin sauro, ya yi ƙorafin minsharin Guduma, ya yi wa wani aljanin gada tambayoyi kan wanda ya ba shi izinin tare hanya har aljanin ya fashe da kuka ya bar su suka wuce. Kawu Justin ya sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, yana rubuta duk abin da ayarin ya ci da inda suka kwana. Ranar da kuraye suka kewaye su, Kumai ne ya fara hawa bishiya, amma shi ne ya miƙo sandarsa ya jawo mai magani sama, yana faɗin cewa tun a gida ya ce kada a zo. Tagwai ya sami faɗan da yake so. Caroline ta fara zuwa da ƙarfe biyu da rabi.

Asabar ta ƙarshen Agusta suka isa kogon. Tun rana ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, dutsen Kagoro ma ya ɓace cikin hazo, sai da suka ja teburin jikin bango saboda feshi. Milka ta rage murya ta kwatanta musu macijin: kansa kamar bukka, jikinsa ya cika kogon, ruwan da ya toshe yana gurnani a bayansa. Kumai ya ba da shawarar a zauna a tsara. Kafin ya rufe baki Tagwai ya ce Guduma ya ruga da gudu.

Ya jefa. Ɗaya.

Macijin ya naɗe Guduma tun daga ƙafa har ƙirji, ya buɗe baki. Mai magani ta yunƙura, dutse ya faɗo ya danne mata ƙafa. Milka ta juya wajen kawunta.

"Saura kai. Bakin kogon yana bayanka, a buɗe. In ka gudu yanzu ba abin da zai kama ka. Kwana tara kana gida."

Maman Derrick ta ajiye faifan da ke hannunta.

Kawu Justin ya ce, "Kumai yana so ya gudu."

"To."

"Cittarsa ma ta kusa isa haƙa." Ya kalli Tagwai ta saman tabarau, ya daɗe yana kallonsa. "Wawan nan, kullum shi ne gaba. An faɗa masa, an sake faɗa masa." Ya ja numfashi. "Kumai ya shiga. Zai cusa sandarsa a bakin macijin, ya jawo yaron nan ta ƙafa. Amma a rubuta cewa ba da son ransa ba."

Milka ta ce, "An rubuta. Kana neman sha biyu ko fiye."

Ya ɗauki ɗan lidon, wannan karon da hannu biyu. Ya girgiza, ya girgiza, har Caroline ta ce, "Baba, zai narke." Ya jefa da ƙarfin da ya wuce kima. Ɗan lidon ya daki kofin shayi, ya yi tsalle daga tebur, ya gangara baranda, ya faɗa tsakar gida cikin ruwa, ya tsaya a taɓo gindin bishiyar lemu.

Tagwai ya yunƙura zai tashi. Kawu Justin ya daka tsawa, "Kada wanda ya taɓa!" Ya fita cikin ruwan da kansa, ba laima, ba takalmi. Ya durƙusa a taɓo, ya kai fuskarsa kusa da ƙasa, yana kāre ɗan lidon da tafin hannu.

A haka Fasto Kambai ya turo get ya shigo da laimarsa. Ya zo ne kan maganar taron dattawa, sai ya tarar da dattijon ikilisiyarsa a gurfane gindin lemu, ruwa na zuba a bayansa, mutum huɗu a baranda suna leƙe. Faston ya cire hula, don ya ɗauka addu'a ake yi. Da ya matso ya ga abin da ke ƙasa, fuskarsa ta canza.

"Dattijo, me nake gani? Caca?"

Maman Derrick ta ce daga baranda, "Ba caca ba ce, Fasto. Ba a cin komai a nan sai gyaɗata."

Kawu Justin bai ɗago ba. "Maciji ne ya kama yaro, Fasto. Muna ƙoƙarin fitar da shi."

Faston ya ja da baya da sauri yana duba ƙafafunsa. Sai da Milka ta yi masa bayani daga baranda, tana ɗaga murya saboda ruwan, kafin ya saki jiki. Matsalar ita ce ɗan lidon bai zauna daidai ba. Ya kafe a taɓo a karkace, tsakanin biyu da ashirin.

Kawu Justin ya ce, "Ga mai gaskiya ya zo. Fasto, duba ka faɗa mana."

Fasto Kambai ya sunkuya. "Daga inda nake tsaye, biyu ce."

"Zagayo ta wannan gefen."

Ya zagaya. "Daga nan ashirin ce."

"To ka tsaya a nan."

Faston ya yi dariya har laimar ta karkace. Ya ce ba zai iya shaidar abin da ke da fuska biyu ba, a sake jefawa. Kawu Justin ya ce hannunsa ya yi sanyi, kuma bai yarda da hannun Tagwai ba, wanda ya jefo ɗaya ɗazun nan. Faston ne zai jefa. Fasto Kambai ya ce shi bai taɓa riƙe irin wannan abu ba, kuma ba abin da ya kawo shi ke nan ba. Maman Derrick ta riga ta jawo masa kujera. Aka wanke ɗan lidon, aka sa masa a hannu. Ya waiwaya wajen get, ya saki a hankali.

Sha huɗu.

Tagwai ya yi ihu ya rungume Kawu Justin da jiƙaƙƙen kayansa. Milka ta jira suka lafa sannan ta faɗi abin da ya faru: sandar ta tsaya a muƙamuƙin macijin, Kumai ya jawo Guduma ta ƙafa har takalmi ya cire, su biyu suka ɗaga dutsen da ya danne mai magani. Macijin ya haɗiye sandar, ta maƙale masa, ya yi tari mai ƙarfi har ya gusa, ruwa ya sami hanya ya ɓalle ya kwashe su ukun ya watso su waje. Ƙasa ta sami ruwa. Macijin bai mutu ba, yana ciki da sanda a maƙogwaro.

Fasto Kambai ya ce, "To haka za ku bar shi?" Bai tafi ba sai ƙarfe shida, kuma sai da ya kai gida ya tuna bai yi maganar taron dattawa ba.

Da safe Kawu Justin ya tashi da mura da zazzaɓi, bai je sujada ba, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya. Lokacin sanarwa Fasto Kambai ya ce a sa Dattijo Justin cikin addu'a, ruwa ya dake shi jiya yana ƙoƙarin fitar da wani daga bakin maciji. Ya faɗa ne da murmushi, amma na baya ba su ga murmushin ba, na gaba kuma sun ɗauka na godiya ne. Bayan an tashi, matan zumunta suka cika gidan da kunu da lemu. Yana kwance cikin bargo, muryarsa ta dushe, yana ƙoƙarin bayani ba a jinsa. Suka tambayi Maman Derrick wa aka ceta. Ta ce, "Tagwai," ta shiga ɗakin girki.

Kafin Talata labarin ya kai Samaru Kataf, kuma macijin ya zama mesa. Ranar Laraba mahaifiyar Tagwai ta sauka daga mota da zakara a hammata. Ta fara zuwa shago ta duba ɗanta daga kai har ƙafa, ba ta saurari abin da yake cewa ba, ta sa ya kawo ta gidan. Ta durƙusa a gaban Kawu Justin, wanda ke zaune a baranda da rigar sanyi.

Ya ce, "Mama, tashi. Ba haka abin yake ba. A cikin wasa ne."

"Maciji ya kama shi ko bai kama shi ba?"

"Ya kama Guduma."

"Wane ne Guduma?"

Tagwai ya ce a hankali, "Ni ne, Mama."

"To. Wa ya jawo shi?"

Kawu Justin ya ce, "Kumai ne."

"Wane ne Kumai?"

Ya kalli Milka, ta kau da kai tana danne dariya. Ya ce, "Ni ne."

"To me kuke ta juya ni?" Ta ajiye zakaran a gabansa, ƙafafu a ɗaure. Ya ce ba zai karɓa ba. Ta ce ba ta komawa da shi. Suna cikin haka Maman Derrick ta fito, ta gaishe da baƙuwar da kyau, ta tambayi mutanen gida, ta ɗaga zakaran ta ji nauyinsa, ta ce Ubangiji ya sāka da alheri.

Ranar Asabar aka yi farfesunsa da citta da yawa saboda murar mai gida. Aka aika wa Fasto da cinya ɗaya.